Ɗan da Ka Tura Karatu, Ɗanka Ne Har Gobe

Iyaye na Malbaza da Dogarawa, na Tsarnawa da Gidan Idar, na Ƙonni, Illela da Badagishiri, da ku nake magana. An gama kaka, gero ya shiga rumbu, kowa ya san abin da ke biyowa: malam zai ɗaure kaya, tasha ta cika da yara kowa rungume da allonsa, wasu Sakkwato, wasu Zariya, wasu sai gabas. Za mu damƙa hannun yaro a hannun malam mu ce, "Ga amana nan," a shafa fatiha, mota ta tashi. Niyyar nan mai kyau ce, ba ni da ja a kanta. Babu uban da ba ya son a kira ɗansa alaramma. Abin da nake tambaya shi ne, bayan ƙurar mota ta lafa, me ya rage tsakaninka da yaron?

Uwa ita ta san amsar. Da magariba ta kwashe tuwo, hannunta ya kai ga ƙaramin akushin nan, sai ta tuna mai shi ba ya nan. Ta ji almajiri ya yi sallama a ƙofar gida, ta zuba masa har da ƙari, tana cewa a ranta Allah ya sa nata ma wata ta tausaya masa a can. Da asuba sunansa ta fara ambata. Addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, wannan mun yarda. Sai dai yaro ɗan shekara bakwai da ke kwana a zaure cikin hunturun Janairu yana bukatar bargo, yana bukatar sabulu kafin ƙazuwa ta cinye masa hannu, yana bukatar gidan sauro. Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a kan uba, kuma babu malamin da ya ce wajibin yana sauka don yaro ya tsallaka iyaka.

Mu dubi tarihin ƙasarmu. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A gaban mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani a Degel, kuma cikin malamansa na farko akwai danginsa na jini, irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo. Sai da ya mallaki hankalinsa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya nufi aikin hajji, Shehu ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Ku lura da wannan da kyau. Ɗalibi yana can nesa, amma ragamarsa tana hannun uba. Wannan ce tarbiyyar da muka gada, kuma ita nake kiran mu koma mata.

An riga an nuna mana abin da sakaci ke jawowa. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewacin Najeriya sun rufe makarantun allo, aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su garuruwansu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. A cikin watannin nan, uba nawa ne a cikinmu zai iya faɗin sunan unguwar da ɗansa yake? Nawa ne ke da lambar wayar malam? Kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah.

Kada a ce mini talauci ne kaɗai. Na san halin da ake ciki, na san shekarar da damina ke gardama. Amma ƙasar nan ita ke noma albasar Galmi da ake lodi har Abijan da Akara, kuma siminti daga Malbaza yake fita. Idan an sayar da albasa a bazara, a ware kuɗin buhu ɗaya da sunan ɗan makaranta tun kafin a taɓa na biki. Mai aikin kamfani ya cire nasa a ƙarshen wata. Wanda ba shi da kuɗi yana da damin gero. Malam ma mutum ne da iyali. In ka ba shi yaro ba ka haɗa da ko tiya ɗaya ba, kai ne ka miƙa wa ɗanka kwanon bara. Kuɗin Laraba ba sadaka ba ce, hakki ne.

Kafin motar bana ta tashi, ga abin da nake roƙo. Yaron da bai iya wanke rigarsa ba, a bar shi a makarantar unguwa, ya yi allo da asuba da dare, ya je lakwal da safe. Wanda ya isa tafiya, ubansa ya raka shi da ƙafarsa, ya ga inda zai kwana, ya ga rijiyar da zai sha, ya san asibitin da za a kai shi in zazzaɓi ya kama shi. Alhamis ba a karatu: a kira malam, a ba uwa waya ta ji muryar ɗanta, a tambaye shi izu nawa ya kai, a kuma tambaye shi me ya ci jiya. Iyayen da 'ya'yansu ke wurin malami ɗaya su haɗa kai, kowane wata mutum ɗaya ya je da saƙon kowa.

Limamanmu, ku ɗauki maganar nan a huɗubar Juma'a. Hakimai da masu gari, ku sa a rubuta sunan duk yaron da zai fita, da sunan malaminsa da garin da za su. Iyaye mata, kada kunya ta hana ku tambayar maigida inda aka kai ɗanku da ranar da za a je duba shi. Ku tambaya yau, tun malam bai ɗaure kaya ba.