"Namu Na": Wa Talakan Adar Ya Jefa wa Ƙuri'a, Kuma Don Me?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan boko tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ana yin ta a ɗakin malamai, ana yin ta a fada wajen shan shayi, har a taron ƙungiyoyinmu na raya al'adu na ji ta da kunnena: wai talakan Nijar bai san zaɓe ba, wai ƙuri'arsa ta mai zane da sukari ce, ko kuwa ta ɗan ƙabilarsa, saboda haka babu asarar da aka yi da aka ɗauke masa akwati. Masu faɗinta sukan haɗa da murmushi irin na wanda ya hango abin da ya shige wa kowa duhu. Ni kuwa da na shafe shekaru ina koyar da Faransanci da Hausa a nan Badagishiri, na kuma zauna a runfar zaɓe fiye da sau ɗaya muna ƙidayar ƙuri'u da fitilar hannu, ina ganin maganar nan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai daɗi ga masu yin ta, domin tana wanke su, tana shafa laifi ga wanda ba shi da alƙalamin mayar da martani.

Mu ɗauki zaɓen da ya fi raba kanmu, wato na shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020 da zagayensa na biyu na 21 ga Fabrairu 2021. Ƴan takara 30 suka shiga zagayen farko. Hama Amadu, Allah ya jiƙansa, ba ya cikinsu, domin kotun tsarin mulki ta ƙi takararsa saboda hukuncin ɗaurin da ke kansa, sai jam'iyyarsa ta Lumana ta mara wa Mahaman Usman baya. A zagaye na biyu aka bar Usman da Muhammad Bazum, Seini Umaru da Albade Abuba suka bi Bazum, kotu ta ce Bazum ya samu fiye da kashi 55 cikin 100, Usman ya ce an yi masa fashi, tarzoma ta ɓarke a Yamai, aka rasa rayuka, aka kama mutane ɗaruruwa, aka katse intanet kwanaki. Ba na rantsuwa a kan kowane akwati na wannan zaɓe, kuma wanda ya ce mini babu inda aka yi aringizo sai in ce ya sake tunani. Amma tambayata ta wuce lissafin CENI. Mutanen da suka fito da ƙafafunsu suka yi layi a rana, me ya sa suka zaɓi wanda suka zaɓa?

Idan ƙabilanci ne, to a bayyana mini wannan. Jihar Tawa, wadda Hausawan Adar suka fi yawa a cikinta, ta ba Bazum rinjaye mai yawa, shi kuwa Balarabe ne, haihuwar jihar Difa, tashin Tesker, daga ɗaya cikin al'ummomin da suka fi ƙarancin yawa a ƙasar nan. Ta bar Mahaman Usman na Damagaram, wanda muke jin Hausarsa kamar ta gidanmu. Yamai kuwa, inda Zabarmawa ke da ƙarfi, ta bi Usman ɗin nan ɗan Damagaram. Da jini ne ke jefa ƙuri'a, da lissafin ya fito a juye. Ƴan'uwana malamai da ke koyar da tarihi sun san abin da ya fi wannan. A 1993, lokacin ina ɗan lakwal, wannan Usman ɗin, Nafarko, shi ne aka ce wa mutanen Adar su jefa wa ƙuri'a a zagaye na biyu, domin Mahamadu Isufu yana cikin ƙawancen AFC da ya tsaya don kayar da Tanja Mamadu. Suka jefa masa, Isufu ya zama faraminista. A 1994 Isufu ya ajiye aiki, ƙawancen ya watse. A 1999 da 2004 Usman ya bi Tanja, Isufu ya faɗi sau biyu. A 2011 Hama Amadu ne ya ɗaga hannun Isufu har ya kai fadar shugaban ƙasa, a 2013 suka raba gari, a 2016 Hama ya yi takara yana tsare a gidan kason Filinge. A cikin waɗannan shekaru duka babu wanda ya sake uwa ko uba, babu wanda ya sake harshe. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ake kira "namu".

Wannan kalma ce ya kamata mu tsaya a kanta, mu da muke cin abinci da nazarin harshe. Ina da kawu, manomin gero da albasa, wanda bai taɓa zama a aji ba. Ana saura kwanaki zagaye na biyu na same shi a zaure, na ce, "Kawu, kai da ba ka taɓa ganin Bazum ba, don me za ka jefa masa?" Ya dube ni ya ce, da Hausarmu ta Adar, "Mushe, namu na." Na ce ta ina ya zama namu? Ya ce, "Ɗana, in rijiyar garin ga ta rushe, na san wanda za ni wurinai, shi ko ya san wanda za shi wurinai, har magana ta kai Yamai. In wancan ya hau, wa na sani?" Wannan ita ce amsar da ban samu a littattafan kimiyyar siyasa da na karanta da Faransanci ba, ko kuwa na samu amma an lulluɓe ta da manyan kalmomi. Kawu ƙofa ya zaɓa. Isufu ɗan Dandaji ne, ƙauye a gundumarmu ta Ilela, jam'iyyar Tarayya kuwa ta yi shekara 30 tana kafa jijiyoyi a Adar, daga shugaban rassa na unguwa zuwa kansila, zuwa magajin gari, zuwa ɗan majalisa, zuwa minista. Bazum yana cikin waɗanda suka kafa ta tare da Isufu a 1990, har ya taɓa koyar da falsafa a lise ta Tawa. Wanda ya gaji gidan ya gaji ƙofofinsa. Mutumin Lumana na Yamai shi ma lissafin da ya yi ke nan, sai dai daga ɗaya gefen: shekara bakwai ƙofa na rufe a gabansa, jagoransa ya sha kaso da gudun hijira, don haka ya bi wanda aka ce zai buɗe ta, ko daga ina ya fito.

Shin wannan jahilci ne? Mutumin da ya san cewa a ƙasarsa rijiya, da aji, da likita, da buhun hatsi mai rahusa a shekarar fari, da takardar ɗansa da ta maƙale a wani ofishi, ba sa zuwa don haƙƙi sai don sanayya, sa'an nan ya zaɓi inda yake da sanayya, wannan mutum ya karanta ƙasarsa fiye da mu. Da ɗan gari akan ci gari. Lissafinsa daidai ne, ƙasar da ta tilasta masa yin lissafin ita ce a karkace, kuma ba shi ya karkata ta ba. Ba manomin albasa na Galmi ne ya ƙirƙiro naɗa daraktan makaranta da katin jam'iyya ba. Ba mai sayar da bisashe a kasuwar Badagishiri ne ke raba kwangila ba.

Batun zane da sukari da jika biyu da ake cusa wa mutane a hannu kuwa, gaskiya ne ana yi, na gani, kowa ya gani. Amma wanda ya ɗauka jika biyu ke sayen ƙuri'a bai san matan garin nan ba. Na san gidan da aka karɓi zane daga jam'iyyu uku, aka ɗinka duka, aka sa duka, ranar zaɓe kuma aka jefa wa wanda aka riga aka shirya tun kafin zanen farko ya iso. A al'adarmu wanda ya zo neman abu da hannu biyu babu komai a ciki ya nuna rowa, kuma marowaci tun yana nema, me zai yi in ya samu? Kyautar kamfe gaisuwa ce da ake auna mutum da ita. Ba na yabon wannan ɗabi'a, domin kuɗin nan daga baitulmali ake fanshe su daga baya, kuma wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita dukan bayani, don a huta da tunani.

Yanzu bari in juyo kanmu, tunda idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, ya ku malamai, nawa ne cikinmu suka karanta tsarin aikin ɗan takara daga farko har ƙarshe kafin su zaɓa? Malamin kwantiragi da ke jiran lambar aiki, wanda ke neman a ɗauke shi daga ƙauye a kai shi Ƙwanni ko Tawa, wanda ke hangen kujerar darakta, wanda aka jefa can nesa don an san launin hularsa yana jiran ranar ramuwa, dukanmu ƙofa muka zaɓa, kamar Kawu. Bambancin kawai shi ya faɗi gaskiya cikin jimla uku, mu kuwa muka naɗe namu son rai da Faransanci muka kira shi aƙida. Ni kaina ban fita daga cikin wannan zargi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Gubar asali da ta mamaye zaɓen 2020, daga ina ta fito? Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce ɗan takara sai ya kasance ɗan Nijar na asali, sai aka yi watanni ana jayayya a kan takardar haihuwar Bazum, ana kai ƙara, kotu tana korar ƙara, ana ce masa baƙo. Masu wannan aiki lauyoyi ne, da ƴan siyasa, da ƴan jarida, da malamai, masu digiri da taye. Mu muka riƙa tura saƙonnin murya ta WhatsApp, wannan ɓangare na zagin launin fatar ɗan takara, wancan ɓangare na mayar da martani da zagin yanki guda sukutum. A daidai lokacin, ranar 2 ga Janairu 2021, tsakanin zagayen biyu, aka kashe mutane kimanin 100 a ƙauyukan Comabangu da Zarumdarai na jihar Tilaberi. Ranar zaɓen kanta nakiya ta hallaka ma'aikatan zaɓe 7 a wannan jiha. Wata guda bayan nan, ranar 21 ga Maris, aka kashe mutane 137 a yankin Tiliya, cikin jiharmu ta Tawa. A watan Afrilu yara kimanin 20 suka ƙone a ajin zana a Yamai, kuma kowane malami a nan ya san yawan azuzuwan zana da muke koyarwa a ciki. Samarin Adar suna ta tafiya bida, Abijan da Libiya da Najeriya, kamar yadda iyayensu suka yi. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a tsare ƴan takara a kansu, kuma mu ke da ilimin tsare su. Muka zaɓi takardar haihuwa. Yau mu ne ke cewa talaka ɗan ƙabilanci ne.

Akwai kuma batun harshe, wanda a matsayina na mai koyar da harsuna biyu ba zan iya tsallakewa ba. Ku dubi sunayen jam'iyyun da muka sani: Tarayya, Nasara, Rahama, Lumana, Canji, Jamhuriya, Zaman Lahiya, Kishin Ƙasa, har can baya Sawaba ta Jibo Bakari. Sunan da Hausa, don a kira talaka. Tsarin aikin kuwa, da alƙawuran, da lissafin kuɗin, duk da Faransanci, harshen da mafi yawan masu zaɓe ba sa karantawa. Ban taɓa riƙe tsarin aikin wani ɗan takara da aka rubuta da Hausa a hannuna ba. Abin da ke isowa ga Kawu da harshensa shi ne kirari, da waƙa, da zambo, da habaici. Ka ba mutum kirari kaɗai, sa'an nan ka zarge shi da rashin auna manufofi! Ƙungiyoyinmu na al'adu, da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo kowace shekara, wace ce cikinsu ta taɓa fassara kasafin kuɗin ƙaramar hukumarta ta karanta wa jama'a ranar kasuwa? Ba aiki ne mai wuya ba, malamai biyu da maraice uku sun isa.

Na san abin da za a ce mini: tunda ka yarda zaɓen na neman ƙofa ne, to me aka rasa da aka dakatar da shi? A Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani na shekara 5, aka rushe jam'iyyun siyasa, sabon kundin ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa ya bar Faransanci harshen aiki. Na yi murna da wannan na ƙarshe, ai sana'ata ce. Kuma ban yi kukan mutuwar jam'iyyun da suka mayar da haƙƙi alfarma ba. Amma rushe jam'iyya ba ya rushe sanayya, domin muddin rijiya tana zuwa ta hannun wani, mutane za su nemi wanin nan, ko farar hula gare shi ko kaki. Abin da ya ragu shi ne rana ɗaya cikin shekara biyar da mai ƙofa ke tahowa da kansa har zauren Kawu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya saurari maganar rijiya da ta hanya da ta takin zamani, yana tsoron abin da tsohon zai yi in ya shiga bayan labule. Ɗan boko yana da wasu hanyoyi, yana da abokin aji a ma'aikata, yana da waya, yana da alƙalami, shi ya sa yake iya yafe ranar nan da sauƙi, tunda ba tasa ya yafe ba.

Katin zaɓen Kawu na 2020, mai hotonsa, yana nan cikin gwangwanin da yake ajiye rasit na haraji da takardar gona. A damanar da ta wuce, da na je taya shi duba wata takarda, na gan shi a ciki na ce ai wannan ya gama aiki. Ya karɓe daga hannuna ya mayar, ya rufe gwangwanin, ya ce in karanta masa abin da ya kira ni dominsa.