Birkin Motar Jam'iyya: Mu Koyi Gyaransa da Hannunmu

'Yan'uwa manoma, kaka ta matso. Nan da 'yan makonni motar jam'iyya za ta shiga aikin da ba hutu. Za ta kwashi dawa da masara daga gona zuwa sito, daga sito zuwa kasuwa. Ran Asabar ta ɗauki matan zumunta zuwa taro, da tsakad dare kuma a ta da direba ya kai mai naƙuda asibiti. Mota ɗaya ke nan, dukiyar mutum arba'in ko hamsin, kuma yawancinmu tsohuwa muke da ita: akori-kura Peugeot 504 irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ko J5, ko tsohuwar Hiace da ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunmu.

In inji ya yi tari, kowa a kwamiti yakan ji, a kira taro, a fitar da kuɗi. Birki ba ya tari. Yakan lalace a hankali, shiru, direba kuwa ya saba da shi, ya koyi taka shi sau biyu sau uku kafin mota ta tsaya, har ya mai da wannan gwaninta. Ra'ayinmu shi ne kowace jam'iyya mai mota ta sami mutum biyu cikin 'ya'yanta waɗanda suka san birki, har su iya canja masta a gida. Mun san akwai masu ganin wannan ganganci ne, za mu zo kansu.

Da fari, mene ne masta? Shi ne wani ɗan bututun ƙarfe mai kwalbar man birki a kansa, wanda sandar abin takawa take turawa. A cikinsa akwai fistin mai robobi. In direba ya taka, fistin ya tura mai ta siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu, man ya matse birkin kowace ƙafa. Asirin duka ɗaya ne, watau ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Muddin mai ne zalla a ciki, robobin kuma suna riƙe shi, ƙarfin ƙafar direba yana isa taya nan take. In roba ta cinye, man yakan sulale ya koma baya ta gefenta. In iska ta shiga, ƙafa ta yi ta matsa iska, mota tana tafiyarta.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 masu ƙera motoci suka koma yin masta mai ɗaki biyu, domin in rabi ya mutu rabi ya riƙe. Dabara ce mai kyau, amma ita ce take ruɗin mutanenmu. Mota ba kaya, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, rabin birki yakan tsai da ita, sai direba ya ce lafiya lau. A ɗora mata buhu goma na kilo 100, watau tan guda, a sa ta gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, sa'an nan za a san rabi ba ɗaya ba ne. A tuna kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu.

Gane ciwon ba wuya, ba ya bukatar sifana ko ɗaya. A tsai da mota, a taka birki a riƙe da ƙarfi daidai, kamar na minti guda. In abin takawa ya tsaya cik, madalla. In yana nutsewa sannu sannu har ƙasa, sai a duba kwalba, a leƙa bayan tayoyi huɗu da bututu duka. Ba yoyo ko'ina, mai kuma bai ragu ba? To, robobin masta ne suka gaji. Mai yana raguwa amma ba a ga inda yake zuba ba? A shafa bayan masta, inda ya haɗu da baƙin tulun nan mai taimakon ƙafa, gama sau da yawa can yake tsiyaya ya ɓuya. Amma in birkin taushi ne kawai kamar soso, yana yin tauri in an taka sau biyu, wataƙila iska ce, ko birkin baya ne ke son a ɗaure shi. Kada a sayi masta kafin a yi wannan bincike, domin kuɗin jam'iyya ba na gwaji ba ne.

Abin da ya fi kashe masta a ƙauyukanmu shi ne abin da muke zuba masa. Man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 yana shan danshi daga iska, kamar yadda gishiri yake yi da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa kaɗan, abin da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, a digiri 140 yana iya tafasa. Doguwar gangara da kaya tana iya kai birki wannan zafi. Man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, sai ƙafa ta tafi ƙasa fayau. Ruwan nan kuma shi ne yake sa tsatsa a cikin masta, tsatsa ta ci roba. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar da man duka a sa sabo bayan kowace shekara biyu. Jam'iyya nawa cikinmu suka taɓa yi? Ban da masu zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare a hanya, da masu zuba man inji ko man giya. Ruwan sabulu ruwa ne, a digiri 100 yake tafasa. Man inji kuwa kumbura robobi yake yi har su lalace, ba na masta kaɗai ba, har na ƙafafu.

Yanzu ga maganar masu jayayya. Sukan ce birki rai ne, a bar wa makaniki, kada garin gyaran gira a rasa ido. Maganarsu da nauyi, ba ma raina ta. Amma a dubi yadda abin yake a ƙasa. Garejin kirki yana kilomita 40 ko 50 daga yawancinmu. Motar da birkinta ya mutu, wa zai kai ta can? Direba ne zai tuƙa ta, a kan hanyar da yara ke kiwo, kuma da yake ba a son tafiya ta tashi a banza, sai a cika ta da kaya da mutane. In kuwa an ce makaniki ya zo gida, kuɗin babur da na wuni ya hau kan kuɗin aiki, kwamiti ya ce a dakata sai an sayar da amfanin gona. Dakatawar nan ita ce haɗarin. Mu da muke kwance injin ban ruwa da injin niƙa mu mayar, noti biyu da bututu biyu ko uku ba za su gagare mu ba, in an koya mana sosai, muka kuma yi haƙuri. Shawararmu ita ce karo na fari a biya makaniki nagari ya zo ya yi aikin a gaban mutanen nan biyu, yana bayani, su kuma suna riƙe da sifana.

Ga yadda aikin yake. A sami wuri mai laushin ƙura, a inuwa, ƙasa daidai. A sa duwatsu a tayoyi. A kashe inji, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. A zuƙe tsohon mai daga kwalba da sirinji, ba da baki ba, gama guba ne. A shimfiɗa tsumma, domin man birki yana cin fenti. A goge wurin tas kafin a kwance kome. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce sabuwar roba. A yi wa kowane bututu alama, a kwance notinsa da sifana wadda ta zauna daidai, yawanci lamba 10 ko 11. Kada a kama shi da filaya, ƙarfensa taushi gare shi, in kansa ya murje an sayi aikin kwana biyu. A toshe bakin bututun, kada a lanƙwasa su. Sa'an nan a kwance notin da ke riƙe da masta a zaro shi. A wasu bas-bas yana ƙarƙashin sitiyari, wurin da matsi, sai mai ƙaramin hannu.

Tsohon shi ne takardar sayen sabon. A tafi da shi kasuwa a jera su. Faɗin ramin ciki dole ya zama ɗaya, bakin bututu ɗaya, zurfin wurin da sanda ke shiga ɗaya. Mai kanti zai ce wannan ma yana shiga. Shiga daban, aiki daban. Ba mu goyon bayan sayen na gwanjo ko kaɗan, domin ba wanda ya san shekara nawa ya yi a kwance da ruwa a cikinsa. Akwai kuma robobi da ake sayarwa daban, da araha. In an buɗe tsohon an ga cikinsa sumul kamar madubi, suna iya yi. In akwai tsatsa ko ƙarzuwa da farce zai ji, sabuwar roba ba za ta yi wata biyu ba.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne fitar da iska daga sabon masta tun bai hau mota ba. A ɗaure shi a kan benci ta kunnuwansa, a sa gajerun robobin tiyo daga bakunansa su koma cikin kwalbarsa, a cika da sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. A riƙa tura fistin a hankali da sanda marar tsini, a saki, a sake turawa, har kumfa ya daina fitowa. Minti goma ne ko sha biyar. Wanda ya ƙi yinsu yakan wuni yana neman iskar da ta maƙale a inda ba ta fita. Bayan haka a ɗora shi, a fara ɗaura notin bututu da yatsu, ya shiga zagaye uku huɗu ba gardama, kafin sifana ta taɓa shi.

Sai fitar da iska a ƙafafu, aikin mutum biyu. A yawancin tsofaffin motoci ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Na ciki ya taka ya riƙe, na ƙasa ya buɗe ɗan notin iska, mai ya fita ta tiyo zuwa kwalba, ya rufe, sa'an nan ya ce a saki. In na ciki ya saki kafin a rufe, iska ta koma. A riƙa leƙa kwalbar sama, kada ta bushe, in ba haka ba an koma farko. Man da ya fito ba ya komawa mota, komi kyansa a ido.

Saura abu ɗaya wanda ko wasu makanikai sukan manta. Dole abin takawa ya kasance da ɗan wasa kaɗan kafin ya fara tura fistin. In sanda ta yi tsawo, takan hana fistin komawa mazauninsa, ƙaramar ƙofar da mai ke komawa kwalba ta toshe, birki ya riƙa kama kansa yana zafi har mota ta ƙi tafiya. Saboda haka bayan an sake gwajin nan na minti guda, an kuma duba yoyo, a zaga da motar a fili ba kowa ciki, a hankali, daga baya a kai hannu kusa da kowace ƙafa a ji ko wata ta yi zafi fiye da sauran.

Aikin gida yana da iyaka, mu faɗi gaskiya. In motar mai ABS ce, ko bututun ƙarfe ya ruɓe, ko an yi kome daidai amma birki bai yi tauri ba, a ajiye sifana a aika a kira makaniki. Motar kuwa ta zauna inda take, ko da kasuwar gobe ce, ko da Fasto ne ke son a kai shi taro.

Ga direbobi kuma. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, jarabar kashe inji a gangara don tattalin mai ta yi ƙarfi. Tulun nan mai taimakon ƙafa daga inji yake samun ƙarfinsa. Inji a kashe, taku biyu uku ƙarfin ya ƙare. A sauka gangara da babbar giya mai jan kaya, inji yana riƙe mota, birki yana hutawa.

Muna addu'a kafin kowace tafiya, daidai ne kuwa. Amma a Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya kewaye rufin soronsa da ɗan bango, domin in wani ya faɗo alhakin jini kada ya hau gidan. Ba a jira sai an faɗo ba. Wanda ya hau motar jam'iyya bai leƙa kwalbar birki ba, amanarmu ya hau. In kwamiti ya ji direba ya ce birki yana nutsewa, ya amsa masa da a lallaɓa, alhakin ba na direba kaɗai ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taron wannan wata, magatakarda ya sa maganar cikin ajanda. A fita waje gaba ɗaya, shugaba da kansa ya hau ya taka birkin ya riƙe, ma'aji yana kallo. A zaɓi mutanen biyu. A ware wani abu daga kuɗin kowane lodi a ajiye shi da sunan birki da taya, kada a ranta wa kowa. A sayi ƙaramin littafi a bar shi cikin mota, a rubuta ranar da aka canja masta, da lambar man da aka zuba, da watan da za a sake canja man nan da shekara biyu.