Masu fiyanon Maiduguri, ku fitar da sautinku daga cikin na'ura



Duk wanda ya je biki a Maiduguri, ko kamu ne ko wushe-wushe, ya san yadda fiyano ta samu wuri kusa da ganga da algaita. Waƙoƙin fina-finan Hausa ma a kan fiyanon Yamaha samfurin PSR suka ginu tun shekarun 1990. Sai dai jarin mai kiɗa ya wuce na'urar da yake ɗauka. Jarinsa shi ne saitin sautin da ya shekara yana gyarawa: yadda ya lanƙwasa sarewa ta yi kama da algaita, da nauyin gangar da mawaƙinsa ya saba da ita. Yawancin makaɗanmu a cikin fiyanon kaɗai suke barin wannan.

Mun ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023. Mun ga ambaliyar Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau. Fiyano idan ta jiƙe ana iya sayen wata, ko da bashi ne. Saitin shekara biyar kuwa babu shagon da ke sayar da shi.

Ra'ayina shi ne matasanmu su rungumi 'yar ƙaramar kwamfutar nan, Raspberry Pi. Girmanta kamar katin ATM, an fara sayar da ita a 2012 daga Ingila kan dala 35. Tana magana da na'urorin kiɗa ta hanyar MIDI, tsarin da kamfanoni suka amince da shi tun 1983. A na'urorin da ke iya tura saitinsu waje, tana kwafe shi ta adana a katin memori, ta mayar idan an buƙata. A wajen biki kuma, maɓalli ɗaya zai sauya sautin na'ura biyu ko uku lokaci guda, ba sai an bar amarya tsaye ana lalube ba. Akwai manhajoji kyauta irin su Zynthian da aka yi domin wannan aiki. Wuta kaɗan take ci, batirin cajin waya mai ƙarfi ma yana riƙe ta. Mu da muka sha duhu bayan an lalata turakun lantarki a Janairun 2021 mun san darajar hakan.

Wani zai ce filashi ta isa. Gaskiya ne, ga mai fiyano ɗaya ta zamani, filashi ta wadatar, kuma ya fara da ita yau ɗin nan. Amma mai situdiyo da ke haɗa tsoho da sabon kaya, ko ƙungiyar da ke hayar fiyano, suna buƙatar wuri ɗaya mai tsari. Wahalar ita ce saitawa, domin sai da ɗan sanin Linux. To, ga ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat suna neman aikin kammala karatu. Me zai hana a haɗa su da makaɗa?

Sharaɗi ɗaya: saitin mutum guminsa ne. Wanda aka ba amanar adanawa kada ya raba wa abokai ba da izini ba.

Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji Hausawa, don haka a gwada kwafin a gida kafin ranar biki. A ajiye ɗaya a situdiyo, ɗaya a wata unguwa. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.