Likita A Cikin Waya: Nasiha Ga Masu Gida Game Da Ciwon Zuciyar Mata

Akwai wata cuta da ke cin mata a cikin gidaje, ba ta da ƙurji, ba ta da zazzaɓi. Mace takan haihu lafiya, a yi suna, a gama wankan jego, amma ta kasa barci, abinci ya fita ranta, ta riƙa kuka ba dalili, har ta ji ɗan da ta haifa ya zame mata kaya. Mutanen gida su ce iska ce, kishiya ta ce iyayi ne, miji ya ce rashin godiya ne. Likitoci kuwa suna kiranta ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan gamu da irin wannan bayan haihuwa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfusi. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, wanda ake warkarwa da magana da nasiha, da wanda ke faɗo wa mutum ba sanadi, wanda asalinsa daga jiki yake, sai an haɗa da magani. Ashe malaman Musulunci sun daɗe da sanin cewa rai yana ciwo kamar yadda gaɓa take ciwo.

To, ina maganin yake? Asibitocin wannan fanni a Arewa ƙidayayyu ne: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Ga nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron kada a ce matar wane ta haukace. Amma tun annobar korona ta 2020 ganin likita ta waya ya yawaita. Mace tana ɗakinta, a yanka mata lokaci, ta yi kamar sa'a guda tana magana da gwanar wannan aiki, mako mako, har ta koyi gane tunanin da ke danne ta da yadda za ta kauce masa.

Ra'ayin da ya fi kusa da daidai shi ne mai gida ya yarda, ya kuma biya. Gaskiya ne da yawa daga malaman fiƙihu na da ba su wajabta kuɗin magani a kan miji ba, amma babu wanda ya yi saɓani a kan kyautata zama. Falken da ba ya barin motarsa ta kwana da ƙara a inji, yaya zai bar uwar 'ya'yansa ta shekara tana kuka? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis suna kai wa mata ilmi har garuruwansu. Kai magani har ɗaka bai saɓa wa wannan tafarki ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, a nemi mace in da hali, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma shubuhar keɓewa da namiji ta kau. Na biyu, a bincika takardunta, gama 'yan damfara sun cika intanet. Likita na gaskiya yana da rajista a hukumar likitoci ta ƙasa, kuma ba ya alkawarin warkarwa cikin kwana uku. Na uku, miji kada ya laɓe yana saurare, kada ya bincike wayar. Wadda ta san ana jin ta ba za ta faɗi inda ke mata ciwo ba. Na huɗu, waya tana da iyaka. Idan mace ta ambaci kashe kanta ko cutar da jinjiri, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, to ranar nan za a kai ta asibiti, ba gobe ba.

Malamai kuwa nauyinsu ya fi na kowa, domin ƙofarsu ake fara bugawa. Malam ya yi addu'a, ya yi ruƙya ta shari'a, sa'an nan ya tambaya: tun yaushe abin ya fara? Idan ya haura mako biyu, ya ce wa mijin ya nemi likita. Wannan ba ya rage wa malam daraja, ba ya kuma rage tawakkali, gama neman magani sunna ce tabbatacciya. Ko gwamnati ta sake hali: a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 wadda ta fi karkata ga tsare majinyaci.

Mace amana ce a hannun mijinta, kuma za a tambaye shi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa masu gida su ji.