Kwamfutar da ke tashi yau, gobe ta ƙi

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗaliban Gusau, Tsafe da Bungudu ke neman na'urar da za su riƙa gwaji a gida. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, sai mu koma harhaɗawa: a yo saƙon bod na hannu daga titin Beirut a Kano, a roƙi ram wajen wani yaya, a nemo tsohon akwati. Irin wannan kwamfuta tana aiki, amma takan zo da wani hali mai cin rai. Yau ka danna ta tashi, gobe ka danna shiru, ran da ka kinkime ta zuwa wajen mai gyara kuma ta tashi garau kamar ƙarya kake mata.

A nan ake asarar kuɗi. Wani zai ce a yi fomatin, wani ya ce bod ya mutu. Mu dai a ganinmu, kwamfutar da ba ta nuna ko harafi ɗaya a sikirin ba, ba ruwan Windows da ciwonta, domin ba ta ma kai wurinsa ba. Fomatin zai share maka tsofaffin tambayoyin da ka tara ne kawai.

Fara da lura da inda take tsayawa. Idan ka danna ko fanka ba ta motsa ba, wuta ce abin zargi. Akwatin wutar ciki, wanda masu gyara ke kira fawa fak, shi ke karɓar bolt 230 na soket ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3. Idan wutar unguwa ta zo da rauni, ko ƙaramin janareta na nishi saboda an jona masa dutsen guga, tsohon fawa fak sai ya gaza. Gwada ta a wani gidan, ko da sitabilaiza. Sannan ka danna babban fulogin nan mai ƙafa 24 da ke shiga bod har ka ji ya kama, don jijjigar hanyar Funtuwa kaɗai ta isa ta sassauta shi. Fawa fak ɗin kansa kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi. Yana riƙe wuta ko bayan an cire waya.

Idan fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, mafi yawan lokuta ram ne. Ƙurar hunturu tana shiga ramin da yake zaune, ta raba shi da bod. Cire wayar wuta, taɓa ƙarfen akwati da hannunka tukuna, saboda a bushewar hunturu jiki na tara lantarkin da ke iya lalata kayan ciki. Zare ram ɗin, goge gefensa mai ruwan zinare a hankali da abin goge fensir, ka kaɗe ramin da busasshen burushi, ka mayar har maƙallan gefe su rufe. In guda biyu ne, gwada su ɗai-ɗai. Wasu bod ɗin sukan yi ƙara don su faɗi abin da ke damunsu, sai dai kowane kamfani da ma'anar ƙararsa, don haka ka nemi littafin bod ɗinka.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a jikin bod, CR2032, mai bolt 3. Idan kullum agogon kwamfutar na komawa wata tsohuwar shekara, shi ne ya mutu, kuma yakan sa ta manta faifan da za ta tashi daga kansa.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri. Tunda ciwon mai zuwa ne ya tafi, tashi ɗaya bayan gyara ba shaida ba ne. Canja abu ɗaya kawai, sannan ka kunna ta sau goma cikin kwana biyu ko uku, har da sanyin asuba da zafin azahar, kana rubutawa a bayan littafi: wutar layi ce ko janareta, ta tashi ko ta ƙi. In ta ci gaba da gardama, wannan takardar za ka miƙa wa mai gyara, ka roƙe shi ya gwada da nasa fawa fak ɗin a gabanka kafin a yi zancen sabon bod.