Chemmeen: Wa ake ɗora wa laifin teku?

Duk wanda ya karanta Chemmeen, littafin da Thakazhi Sivasankara Pillai ya wallafa da harshen Malayalam a 1956, Karuthamma, jarumar labarin, zai fara tausaya wa. A cikin littafin, masuntan gaɓar Kerala, a kudancin Indiya, sun yi imani cewa in miji ya shiga teku, amanar matarsa a gida ce ke dawo da shi lafiya. In ta karkace, Kadalamma, uwar teku, za ta haɗiye shi. Wannan kaya ya fi ƙarfin wuyan yarinya kamar Karuthamma. Mahaifinta Chembankunju ya karɓi kuɗin Pareekutty, ɗan kasuwa Musulmi mai ƙaunarta, ya sayi jirgi da koma, sannan ya juya masa baya har saurayin ya karye. Wannan cin amana bai hana kowa a ƙauyen barci ba. Ita kuwa ta danne zuciyarta ta auri Palani, maraya jarumi, don kada gidansu ya ji kunya, amma tsegumi ya bi ta har ɗakin aure, abokan sana'ar mijin suka ƙi shiga jirgi ɗaya da shi. A ganina nan ne alƙalamin Thakazhi ya fi kaifi, domin tsegumin nan ne ya tura Palani teku shi kaɗai a ƙaramin kwalekwale. Fim ɗin da Ramu Kariat ya shirya a 1965 ya yi suna da waƙoƙinsa, amma wanda ke son ganin yadda ƙauye ke kashe aure da baki, littafin zai nema.