Kada a Sayar da Bijimin Huɗa Domin Biza

'Yan'uwa manoma, bara da kaka wani dattijo daga ƙasar Bunguɗu ya zo wurina da takarda a hannu. Ya sayar da bijimansa biyu na huɗa, ya ba wani dillali kuɗin domin a sa sunan ɗansa a cacar biza ta Amurka. Ya ce in duba masa ranar da yaron zai tafi Ikko a yi masa tambayoyi. Na duba. Babu rana, babu lambar da za a bi sawu. Bijimai sun tafi, wayar dillali kuma a kashe take.

Ba na ganin laifin dattijon nan. Wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa a Tsafe ko Bunguɗu, dole ya so ɗansa ya yi nisa. Amma matambayi ba ya ɓata. Da ya yi tambaya, da ya ji cewa tun zagayen 2015 aka cire haifaffun Najeriya daga wannan caca, domin 'yan ƙasarmu fiye da 50,000 sun koma Amurka da zama cikin shekara biyar kafin nan. Abin da babu shi aka sayar masa.

Ku kuma sani ƙofar nan ba kullum take buɗe ba. A Fabrairu 2020 gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama. A Janairu 2021 Shugaba Biden ya ɗage hanin. A Disamba 2025 aka sāke sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, daga 1 ga Janairu 2026. Abin da shugaban ƙasa ya rufe da sa hannunsa, dillali a tashar Gusau ba shi da mabuɗinsa.

Ko a lokacin da ƙofar take buɗe, ga yadda hanyar take. Yawanci sai wani naka a can ya nemi a kawo ka: miji ko mata, uba ko uwa, ɗa ko ɗan'uwa na ciki ɗaya. Ɗan'uwa ya kan jira fiye da shekara 10. Wanda ya nemi a kawo ka zai sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyinka. Kai kuma za ka nemi fasfo, da takardar haihuwa, da takardar aure, da shaidar 'yan sanda, ka je wurin likitan da ofishin ya amince da shi. Sa'an nan a kira ka ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ikko, gama can ake yin tambayoyin bizar zama, ba Abuja ba. Za a ɗauki zanen yatsunka, ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa. Kai kaɗai za ka tsaya gaban taga ka amsa. Dillali ba ya shiga. In an ƙi ka, ba a mayar da kuɗin da ka biya.

A wurin wannan taga mutanenmu su kan yi tuntuɓe a kan abu biyu. Na ɗaya, takardu ba su yarda da juna ba. Suna dabam a katin baftisma, dabam a takardar makaranta, shekarar haihuwa kuma dabam a fasfo. Na biyu, ƙaryar da aka koya wa mutum ya haddace, kamar a ce ɗan ƙanensa ɗansa ne. Ofishin ya kan nemi a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Wanda aka kama da ƙarya, dokar Amurka ta hana shi shiga har iyakar ransa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani zai ce, ai waɗanda suka tafi suna aiko da kuɗi, suna gina wa iyaye gidaje. Gaskiya ne, ban kuwa ce kada kowa ya tafi ba. Wanda matarsa ko ɗansa ya nemi a kawo shi bisa ƙa'ida, Allah ya kai shi lafiya. Magana ta a kan abin da ake sayarwa ne. Bijimi yana huɗa kowace damina, gona tana ciyar da gida kowace shekara. Biza kuwa jami'i ɗaya ne zai ce i ko a'a cikin 'yan mintoci kaɗan.

Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta tsai da shawara uku a taronta mai zuwa. Kada a ba da rancen ƙungiya domin biyan dillalin biza, kuɗin taki da iri ne. Duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda, ya kai wa magatakarda a karanta gaban shaidu kafin ya ba da ko kwabo. Kowane magidanci kuma ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da suna ɗaya da rana ɗaya, ko za su yi tafiya ko ba za su yi ba.

Dattijon nan bana da hayar bijimin maƙwabci ya yi huɗa, bayan kowa ya gama tasa. Kada mu bar wani a cikinmu ya bi sawunsa.